Auna Tiya Kafin Auna Hatsi: Nasiha Ga Masu Koyon Lissafi Ta Waya

Ƴaƴana ƴan makaranta na Ɗan Barto da ƙauyukan da ke kewaye da ita, maza da mata: Wani abu na gani da idona wata ranar Lahadi bayan la'asar, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na shiga gidan ƙanena na tarar da ɗiyarsa, wadda ke aji biyu na kwaleji, wato sankem, zaune bisa tabarma a tsakar gida, wayar yayanta a hannun hagu, biro a hannun dama. Da muka gaisa sai ta ce, "Baba, zo ka ga dabarar da na samu." Wani gajeren bidiyo ne da aka turo mata ta WhatsApp, bai kai minti guda ba. Ba a ganin fuskar mai shi, sai hannu da jan alƙalami, kiɗa na tashi. Ya rubuta 1/2 + 1/3, ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya fitar da 2/5, ya kewaye amsar. Ita kuwa har ta yi aikin gida guda biyar bisa wannan hanya, tana murna ta huta da wahala.

Ban ce mata daidai ne ko kuskure ba. Na ce ta shiga ɗaki ta ɗauko tiyar mahaifiyarta da ƙwaryar gero. Ta zuba gero rabin tiya. Na ce ta ƙara kimanin sulusi, wato kashi ɗaya bisa uku. Ta ƙara, gero ya hau har ya kusa kai baki. Na tambaye ta, "Kashi biyu bisa biyar ya kai rabi?" Ta yi shiru tana ƙirga da yatsu, ta ce bai kai ba. Na ce, "To, yaya za a yi ki zuba rabi, ki ƙara wani abu a kai, sannan abin da ke cikin tiyar ya kasa rabi?" Ta dubi tiyar, ta dubi wayar, ta ce, "Baba, ashe mutumin nan bai iya ba." Daga nan muka raba tiyar shida a tunaninmu: rabi ya zama uku, sulusi ya zama biyu, jimla biyar bisa shida. Ta ɗauki biro ta soke aikin nan biyar da hannunta.

Duk wanda ya taɓa bin mahaifinsa kasuwar Matamaye ko ta Mai'aduwa ya ga yadda mai hankali ke sayen hatsi. Kafin a fara awo sai ya karɓi tiyar ya juya ta, ya duba ko an bubbuge gindinta ya shige ciki. In ma'auni ya lalace, duk abin da aka auna da shi ya tauye, ko da geron mai kyau ne. Nasihata gare ku ke nan: malamin da ke cikin waya ma'auni ne, ku auna shi kafin ku auna karatunku da shi. Kuma Allah ya ba ku sa'a, domin a lissafi ne ɗalibi ke iya gwada malami da kansa. In an gaya maka shekarar da aka yi wani yaƙi, sai ka nemi wani littafi kafin ka tabbatar. Amma in an ce maka (a + b)² daidai yake da a² + b², ba ka buƙatar kowa: sa 3 a gurbin a, sa 4 a gurbin b, ɓangare ɗaya zai ba ka 49, ɗayan 25, magana ta ƙare.

Kada ku ɗauka ina ƙin karatun waya. A zamaninmu littafi guda muke rabawa mu uku a benci ɗaya, in mushe, wato malamin aji, ya goge allo shi ke nan darasi ya wuce. Yau yaro na zaune gindin bedi a Ɗan Barto yana iya maimaita darasi sau goma har ya shiga. Akwai kuma mutanen kirki da suka yi aikin ƙwarai. Wani Ba'amurke mai suna Salman Khan ya fara koya wa wata ƴar uwarsa lissafi daga nesa a 2004, ya fara ɗora darussa a YouTube a 2006, ya kafa Khan Academy a 2008, karatu kyauta. Ƙungiyar Bibliothèques Sans Frontières kuma ta shiga mayar da darussan lissafinsa zuwa Faransanci tun 2013. A Faransa malaman lissafi sun kafa ƙungiyar Sésamath a 2001, littattafansu na nan a intanet ba a biya. Akwai manhajar GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara ƙirƙira a Jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya, inda za ka ja kusurwar alwatika da yatsa ka ga sauran kusurwoyin na canzawa amma jimlarsu na nan a digiri 180. Irin waɗannan alheri ne. Matsalar ita ce kasuwar intanet ba ta da sarkin kasuwa, mai gero tsabtatacce da mai gauraya shi da yashi rumfa ɗaya suke.

Tambayar farko da za ka yi wa kowane darasi ita ce: wa ya faɗa? Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A makarantar zaure mun ji yadda malaman Hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun san wanda ya kawo ta, da wanda ya ji daga gare shi, da ko an san shi da gaskiya da kiyayewa. Ku ari wannan ɗabi'a. Malamin ƙwarai ba ya ɓoye sunansa da inda yake koyarwa. Darussansa a jere suke, aji bayan aji, babi bayan babi, yadda za ka san abin da ya kamata ka sani kafin ka shiga na gaba. In aka nuna masa kuskure yakan dawo ya gyara a fili. Amma bidiyon da ya zo ba suna ba asali, an tura an sake turawa, ka riƙe shi kamar maganin da aka ƙulle a leda ba takarda. Yawan waɗanda suka kalli bidiyo kuma ba shaida ba ne a kan ingancinsa. Kiɗa da launi da saurin baki su ke tara jama'a, dokin mai baki ya fi gudu.

Tambaya ta biyu, wato ko darasin ya dace da tsarin makarantunmu, ta fi shafarku fiye da ɗaliban Yamai ko na Agadas, saboda inda Allah ya ajiye mu. Tsakaninmu da Kwangwalam ta Najeriya ba nisa, Daura kuma nan kusa take. Harshenmu ɗaya da su, aurenmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya, bidiyon da ke yawo a wayoyin ƴaƴansu shi ke yawo a naku. Amma makarantunsu sun gaji tsarin Ingila, namu sun gaji na Faransa. Lissafin kansa ɗaya ne a duk duniya, yadda ake rubuta shi ne ya bambanta, kuma jarrabawa a rubuce ake yin ta.

Dubi wannan lamba: 1,250. Ɗalibin Katsina zai karanta ta dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin, domin a wurinsu waƙafi raba dubbai yake yi. Ɗalibin Damagaram zai karanta ta ɗaya da kwata, domin a wurinmu waƙafi shi ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta, aikin da ɗigo ke yi a can. Rubutu ɗaya, amma na Katsina ya ninka na Damagaram sau dubu. In ka zo rabawa mai tsawo, mu muna sa lambar da za a raba a hagu, mai rabawa a dama, amsa a ƙarƙashinta. Su suna sa mai rabawa a hagu, amsa a bisa layi. Abin da gidan rediyonmu ke ce wa miliyar shi ne biliyan a bakinsu, alhali a Faransanci biliyan miliyan ne sau miliyan. Abin da littafinka ya kira PGCD da PPCM, nasu HCF da LCM yake cewa.

Ga wanda ya fi ruɗa masu shirin BEPC, wadda muke ce wa birbe. Mushe ya koya maku ƙa'idar Tales: in layi ya ratsa alwatika yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ɗaya daga gefunanta, to yakan yanka sauran gefuna biyu bisa rabo iri ɗaya. In ka nemi sunan Tales a darussan Ingilishi, wata ƙa'ida daban za a kawo maka: alwatikar da aka zana cikin da'ira, wadda gefenta ɗaya ya ratsa tsakiyar da'irar, tana da kusurwa mai digiri 90. Duka biyun gaskiya ne. Sai dai wanda ya kwana yana haddace ta biyu, aka tambaye shi ta farko, ya yi noma a gonar wani.

Saboda haka manhaja irin uLesson, wadda aka kafa a Najeriya a 2019, da darussan shirin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, an yi su ne domin ɗaliban can. Za ka iya ƙaruwa da bayaninsu, amma kada ka ɗauki salon rubutunsu ka kai ɗakin birbe ko bak, wato jarrabawar kammala sakandare. Hatta darussan Faransanci sai da lura. Yvan Monka malami ne sananne a Faransa, bayaninsa a YouTube a fili yake, amma tsarin karatun Faransa yake bi, kuma abin da suke yi a wani aji ba lallai ya zo daidai da namu ba. Ma'auninka a nan littafin ajinku ne, ko na CIAM da aka tsara domin ƙasashen Afirka masu karatu da Faransanci ƙarƙashin jagorancin Farfesa Saliou Touré na Kodebuwa, ko wanda mushe ya ce a bi, tare da tsofaffin tambayoyin jarrabawar Nijar. Buɗe babin da kuke kai, sannan ka nemi darasin da ya dace da shi. Littafi a gaba, waya a baya.

Tambaya ta uku: dalili yake ba ka ko dabara kawai? Za ku ga bidiyo da yawa masu cewa ga sirrin da malamai ba su faɗa. Ɗaya daga cikinsu yana nuna 16/64, ya soke 6 na sama da 6 na ƙasa, ya bar 1/4. Amsar ta yi daidai, amma dace ne. Gwada da 12/24: soke 2 da 2, za ka samu 1/4, alhali kowa ya san 12 rabin 24 ne. Dabarar da ta ci sau ɗaya ba ta zama ƙa'ida ba sai an nuna dalilin da zai sa ta ci kullum. Don haka duk hanyar da aka nuna maka, ka gwada ta da lambobi uku naka na kanka, ba waɗanda mai bidiyo ya zaɓa ba.

Darasin ƙwarai yakan bar ka da fahimtar da za ka ɗauka zuwa kasuwa. A ce buhun gero jika 20 ne, ya tashi da kashi 20 cikin ɗari, daga baya ya sauka da kashi 20 cikin ɗari. Mai haddar dabara zai ce ya koma jika 20. Mai fahimta zai ce: ya hau zuwa jika 24, sannan an cire kashi 20 na jika 24, ba na jika 20 ba, saura jika 19 da dala 40. Iyayenku mata da ba su taɓa shiga aji ba suna juya dala zuwa tamma, suna juya naira zuwa sefa da ka, ba a cutarsu ko da dala ɗaya, domin sun san abin da lambar ke nufi. In darasi ya sa ka haddace alamomi amma ba ka iya bayyana wa ƙanenka shi da Hausa ba, da misalin tiya ko ƙullin rake, to bai shiga ba tukuna.

Tambaya ta huɗu ita ce uwa: bayan ka rufe wayar, me ya rage a kanka? Kallon gwani yana aiki yana da daɗi, yana kuma sa mutum ya ji kamar shi ma ya iya. Amma wanda ya yini a bakin gona yana kallon mai huɗa bai koyi riƙe galma ba. Darasi mai inganci yakan dakatar da kai ya ce gwada wannan, ya ba ka aiki daga mai sauƙi zuwa mai wuya, in ka kuskure ya nuna maka inda ƙafarka ta zame. Ga gwajin da nake so kowannenku ya riƙa yi: ka kalli darasi, ka kife wayar, ka ɗauki farar takarda ka sake misalin daga farko. Sannan ka ɗauko tambaya makamanciya daga littafi ka yi. Washegari, kafin ka taɓa waya, ka sake yin wata. In ka iya, darasin nan ya cancanci lokacinka. In ka yi haka da darussa uku na malami ɗaya ba abin da ya zauna, nemi wani malamin.

A nan ne zan ja kunnenku game da manhajojin da ke ba da amsa. Akwai Photomath, wadda za ka haska wa tambaya kyamara ta warware maka. Akwai ChatGPT, da ya fito a Nuwamban 2022, da ire-irensa na ƙirƙirarriyar basira. Waɗannan na ƙarshe an gina su ne bisa tarin rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, suna jera kalma bayan kalma bisa abin da ya fi kama da daidai, shi ya sa sukan kawo kuskure da irin natsuwar da suke kawo gaskiya. Ka yi aikinka tukuna, sannan ka tambaye su don kwatantawa, kuma duk amsar da suka ba ka ka mayar da ita cikin tambayar. In an ce 3x + 5 = 20, aka ce maka x biyar ne, lissafa: uku sau biyar 15, a ƙara 5, ya zama 20, ya zauna. Ku tambayi mushe ya koya maku gwajin tara da aka koya mana tun firamare. A 47 × 23 = 1081, tara 4 da 7 ka samu 11, tara 1 da 1 ka samu 2; tara 2 da 3 ka samu 5; biyu sau biyar 10, wato 1. Lambobin amsar ma, 1 da 0 da 8 da 1, sun ba da 10, wato 1. In ɓangarorin biyu suka saɓa, tabbas akwai kuskure. In sun dace ka samu ƙarin natsuwa, ko da yake gwajin ba ya kama lambobin da suka sauya wuri. Wanda ya saba kwafe amsa daga waya zai cika littafinsa da maki mai kyau duk shekara, amma ɗakin jarrabawa ba a shiga da waya, ranar wanka kuma ba a ɓoye cibi.

Ku auna kuɗin ma. Katin da ake sa maku daga gumin wani ya fito, wataƙila daga kuɗin ƙuli-ƙuli ko na awara. Ku fifita abin da ake saukewa sau ɗaya a yi ta amfani da shi ba intanet, kamar littafin da aka ajiye a waya ko GeoGebra. Kada ku ƙone katinku a gardamar 6 ÷ 2(1 + 2), wasu na cewa 9 wasu na cewa 1. Rubutun ne aka yi shi da harshen damo, malamin kirki zai ƙara baka biyu ya kashe gardamar. Wanda kuma ya ce ku tura masa kuɗi ya ba ku tambayoyin jarrabawa kafin ranarta, ku guje shi. In ƙarya yake ya ci kuɗinku, in gaskiya yake ya ci amanar ƙasa ya jefa ku cikin laifi.

Kada waya ta raba ku da mushenku. Shi ya ga rubutunka, shi ya san cewa alamar ragi ce ke kayar da kai kullum, abin da mai bidiyo ba zai taɓa sani ba. In ka samu darasi ya burge ka, kai masa cikin ladabi ka ce, "Mushe, wannan ya dace da namu?" Ku kuma haɗu uku ko huɗu bisa waya ɗaya, musamman ku taimaki ƴan uwanku mata da waɗanda gidansu ba waya. Ɗaya ya kalla ya bayyana, sauran su yi ta tambayarsa dalili har sai ya gamsar da su. Kuskuren da ya wuce ido biyu da wuya ya wuce takwas.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, Bafulatanin Katsina, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake gina hatimin lambobi, ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau masana tarihin lissafi na ambatonsa. Ku gwada ƙaramin irinsa: gida tara, uku a tsaye uku a kwance, ku jera 1 zuwa 9 yadda kowane layi, har da na karkace, zai ba da 15. Kada ku nemi amsar a waya. Shi kuwa Alkawarizmi na Bagadaza, wanda daga sunan littafinsa na wajen shekarar 820 aka samo kalmar aljabara, babban sashe na littafin a kan wasiyya da rabon gado ya yi shi.

Ku tsaya a kan wannan na ƙarshe. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ƴaƴa. Matar na da tumuni, ɗaya bisa takwas. Uwar na da sudusi, ɗaya bisa shida. Mai ilimi zai raba dukiyar kashi 24, ya ba matar 3, ya ba uwar 4, jimla 7, saura na ƴaƴa. Mai bin dabarar bidiyon da na gani a hannun ɗiyata zai tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, ya samu 2/14, wato ɗaya bisa bakwai, abin da bai kai rabon uwar ita kaɗai ba. Kun ga inda kuskuren minti guda ke kai mutum: cin haƙƙin gwauruwa da tsohuwa. Gobe cikinku akwai mai auna maganin jariri a likita, akwai mai lissafin ƙarfen gada, akwai mai rabon gado a zaure, kuma jama'a za su yarda da lambar da kuka faɗa ba tare da sun duba ba. Ku saba da dubawa tun yanzu.

Ɗiyar nan tawa ta ci gaba da kallon darussa a wayar yayanta, ban hana ta ba. Amma yanzu duk sanda na shiga gidan nakan ga takarda a gefenta cike da lambobin da ta zaɓa da kanta tana gwada abin da aka gaya mata. Allah ya buɗa ƙwaƙwalenku, ya ba ku ilimi mai amfani, ya sa ku fi mu. Amin.